Me ake kallo a kakar tseren NASCAR, kuma yaya ake zama zakara?

Tambaya: Ni mai kallon ƙwallo ne, Formula 1 ma nakan leƙa. Kwanakin baya na ci karo da bidiyon tseren NASCAR na Amurka, na ga motoci kusan arba'in suna ta kewaya fili ɗaya har na gaji. Sai kuma na ji cewa wanda ya fi kowa cin tsere a 2025 ba shi ya ɗaga kofi ba. Yaya kakar take tafiya, kuma mene ne masu binta suke gani wanda ni ban gani ba?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji haka yake. A 2025 Denny Hamlin ya ci tsere shida, Kyle Larson ya ci uku, amma Larson ne ya tafi gida da kofi, alhali a tseren ƙarshe ko zagaye ɗaya bai ja gaba ba. Za mu zo kan yadda aka yi haka. Kafin nan sai ka sauke idonka daga kan motar da ke gaba, don wanda ya zuba mata ido ita kaɗai tabbas zai yi gyangyaɗi. Masu bin gasar taya suke lissafi, da mai, da iska, da lokacin da tutar rawaya, wato ta rage gudu, za ta fito.

Babbar gasar, wadda ake kira Cup Series, tsere 36 ce masu maki, daga Fabrairu zuwa farkon Nuwamba, kusan kowane ƙarshen mako, galibi ranar Lahadi. Akwai ƙarin biyu na baje koli da ba a ba da maki, sai kuɗi da suna. Ƙarƙashinta akwai ƙananan gasa biyu, ɗaya ta motoci, ɗaya ta a-kori-kura, waɗanda aka fi yi Juma'a da Asabar, kuma a can ake renon matasan direbobi. Motocin da ke shiga babban tsere galibi ba sa wuce 40, kuma tun 2016 guda 36 daga cikinsu suna da takardar gurbi da ke tabbatar musu da shiga kowane mako. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne, da tseren da ya fi kowanne daraja ake buɗe kaka, wato Daytona 500 a jihar Fulorida. Kamar a ce an buga wasan ƙarshe a ranar farko.

Asalin abin motocin kasuwa ne, irin waɗanda kowa zai iya saya. Bill France ne ya kafa hukumar NASCAR a 1948, kuma a tseren farko na babbar gasar, a Charlotte cikin Yunin 1949, Glenn Dunaway ya riga kowa tsallake layi amma aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper, saboda an taɓa sifirin ɗin bayan motarsa. Yau suna kawai ya rage. Motar da ake amfani da ita tun 2022 kejin bututun ƙarfe ce da aka lulluɓe da jiki mai kama da Chevrolet ko Ford ko Toyota. Ba ta da ƙofa, ta taga direba yake shiga sannan a ɗaura raga. Fitilun gaban ma sitika ce. Injin mai silinda takwas ne, kusan lita 5.9, giya biyar, tanki galan 20, wato lita 76 ke nan, tayoyin Goodyear marasa zane a kan rim mai inci 18 da noti ɗaya tak a tsakiya. Yawancin kayan motar daga dillalai ɗaya kowace tawaga take saya, shi ya sa tazarar da ke tsakanin mota ta ɗaya da ta ashirin ba ta kai yadda ka saba gani a Formula 1 ba. Idan motoci sun yi kusan daidai, ƙananan abubuwa ne suke raba gardama.

Filayen ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan ne kuskuren farko na mai cewa ai zagaye ne kawai. Daytona mil 2.5 ne, kilomita huɗu, kwanarsa a karkace take da digiri 31, har hawanta a ƙafa sai da ƙyar. Talladega na jihar Alabama ya fi shi, mil 2.66 da digiri 33. A 1987 Bill Elliott ya yi gudun mil 212.809 a awa a can, kimanin kilomita 342, kuma a tseren da aka yi a wancan makon motar Bobby Allison ta tashi sama ta yaga ragar da ke kare 'yan kallo. Daga 1988 aka fara shaƙe wa inji iska a waɗannan filaye biyu. Yanzu ƙarfin doki 510 ake bari a can, maimakon 670 na manyan filaye na yau da kullum. Sakamakon haka ba mai iya tserewa shi kaɗai. Motar gaba ce take fasa iska, ta baya ta fake a bayanta ta samu sauƙi, har ta kai bamba ta tura ta. Sai ka ga motoci talatin a dunƙule, layi biyu ko uku, a gudun da ya kai kilomita 300, tsakanin wannan da waccan bai fi taku ɗaya ba. Wanda ya fita layi ba tare da mai tura shi ba, kafin ya ƙifta ido ya koma na ashirin. Idan kuma turin ya zo a karkace, mota ɗaya ta juya, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: goma ko ashirin sukan tafi tare. A irin wannan tsere kada ka damu da wanda yake gaba a zagaye na 50. Duba su wa ke bin juna, domin motocin kamfani ɗaya sukan haɗa kai su shiga shan mai tare don kada a bar ɗaya shi kaɗai a cikin iska.

Gajerun filaye wata duniya ce daban. Martinsville na jihar Bajiniya bai cika kilomita ɗaya ba, mil 0.526, kwanarsa a matse kuma kusan a shimfiɗe. Birki ne yake shan wuya, zafinsa yakan narkar da bakin taya ta sace. Wucewa da wuya, don haka an saba a ɗan taɓa bamban na gaba a kawar da shi daga layin ƙasa, kuma wanda aka yi wa yakan riƙe abin har ya rama, ko da bayan wata biyu ne. Wanda ya ci a can dogon agogon katako ake ba shi a matsayin kofi. A filin ne a Oktoban 2022 Ross Chastain ya jingina motarsa da bango a kwanar ƙarshe, ya taka totur har ƙasa, bangon ya juya masa motar, ya wuce mutum biyar ya samu gurbi cikin huɗun da za su nemi kofi a tseren ƙarshe. Shekarar da ta biyo aka haramta dabarar.

Filayen mil ɗaya da rabi su ne gishirin kalandar, irin su Kansas, Las Vegas da Charlotte, inda ake Coca-Cola 600 a ƙarshen Mayu, zagaye 400, mil 600, kusan nisan Kano zuwa Legas. Matsalarsu gurɓatacciyar iska. Mota tana bukatar iska ta danna ta ƙasa a kwana, to idan tana bin wata kurkusa, iskar da ke isowa gare ta a hargitse take, sai gabanta ya ƙi kama titi. Shi ya sa za ka ga mota ta kamo ta gabanta da sauri sannan ta maƙale a bayanta zagaye goma. Darlington kuwa siffar ƙwai gare shi, kwana ɗaya ta fi ɗaya faɗi, kwaltarsa na cin taya kamar fayil, kuma layin da ya fi sauri yana gab da bango, har kusan kowace mota takan gama tsere da zanen bango a gefen dama. Sai filaye masu kwana hagu da dama, irin su Watkins Glen da Sonoma, inda ɗan New Zealand Shane van Gisbergen ya zame wa kowa ƙarfen ƙafa: a 2025 ya ci biyar, har da na birnin Meziko.

Yanzu mu zo layin gyara, inda ake cin tsere da yawa kuma ake zubar da su. Mutum biyar ne suke tsallake katanga: masu sauya taya biyu, mai ɗaukar taya, mai jak, da mai zuba mai da babban tulu a kafaɗa. Taya huɗu da mai sukan ɗauke su daƙiƙa tara zuwa goma. Taya biyu, wato na dama waɗanda suka fi ɗaukar nauyi tunda hagu ake juyawa, ya fi sauri da 'yan daƙiƙoƙi, kuma idan motoci talatin suka shigo tare, daƙiƙa uku na iya zama matsayi biyar ko fiye. Abubuwan da ke ɓacewa a nan sanannu ne. Motar ba ta da agogon gudu, da juyin inji da fitilun gaban sitiyari direba yake auna kansa, ga kuma iyaka: mil 55 a awa a Daytona, mil 30 a Martinsville, da sassaucin da bai kai mil biyar ba. Wanda ya wuce, idan ana cikin gudu ne sai ya sake ratsa layin gyara a hankali, idan ana kan tutar rawaya ne a mai da shi ƙarshen layi. Na biyu noti. Tunda guda ɗaya ne, idan mai jak ya sauke mota kafin ya zauna, tayar za ta fice. Idan ta fice a kan fili, hukuncin da aka sa a 2023 shi ne riƙe motar zagaye biyu da dakatar da ma'aikata biyu na tsere biyu.

Na uku iskar taya, wanda ya fi kowanne ɓoyuwa. Taya na zafi iskar cikinta na ƙaruwa, don haka tawagogi sukan fara da ƙarancin iska domin ta kama titi sosai kuma kada ta kumbura fiye da kima a dogon gudu. Goodyear yana ba da mafi ƙarancin ma'aunin da ya dace, amma mai neman ɗan rinjaye yakan sauka ƙasa da shi. Gefen tayar sai ya riƙa lanƙwashewa a zagayen farko, zaren cikinta ya raunana, can bayan zagaye talatin ta fashe a kwana. Idan ka ga motoci uku na tawaga ɗaya sun yi faci a tsere guda, kada ka zargi ƙusa.

Idan ka samu bidiyo mai muryar rediyon direba, kalma biyu za ka fi ji. "Tight" na nufin ya juya sitiyari gaban motar ya ƙi bin umarni, tana neman bango da hanci. "Loose" na nufin bayanta ne yake zamewa. Shugaban makanikai yana gyara wannan da ƙara ko rage iskar taya ɗaya a tsayawa ta gaba, kuma yakan yi lissafin yadda titi zai sauya idan rana ta faɗi ya huce. Akwai kuma ɗan hange da ke tsaye a saman rumfar 'yan kallo yana gaya wa direba wanda ke gefensa, domin direba ba ya iya waiwaye. Kansa a ɗaure yake da na'urar riƙe wuya da aka wajabta a 2001, bayan mutuwar Dale Earnhardt a zagayen ƙarshe na Daytona 500 ranar 18 ga Fabrairun shekarar. Wani ƙaramin abu da ke burge masu kallo: takardar abinci ko leda ta manne a gaban mota ta toshe iskar lagireto, inji ya ɗau zafi. Maganinta direba ya matsa dab da bayan wata motar, iska ta zare ta.

Tutar rawaya ita ce uwar rikici. Da an yi haɗari ko tarkace ya faɗi a titi, sai motar jagora ta fito kowa ya bi ta a hankali, duk tazarar da na gaba ya tara ta goge. Motar farko cikin waɗanda aka riga da zagaye ɗaya ana mayar mata da zagayenta kyauta, muddin ba ita ta jawo tutar ba. Sannan a sake tashi layi biyu, kowa ya zaɓi ciki ko waje. Idan rawaya ta fito gab da ƙarshe, ana ƙara zagaye biyu, kuma da zarar na gaba ya karɓi farar tuta, alamar zagayen ƙarshe, duk tutar da ta biyo ita ce ta rufe tsere. Tun 2017 kuma an raba kowane tsere zango uku, sai Coca-Cola 600 da ke da huɗu. A Daytona 500 zangon farko yana ƙarewa a zagaye na 65, na biyu a na 130, na uku a na 200. Goman farko a ƙarshen kowane zango, banda na ƙarshe, suna samun maki, daga 10 zuwa 1. Wannan ma dabara ce: wani zai tsaya a fili ya kwashi makin zango, wani ya shiga gyara da wuri ya sadaukar da su domin ya kasance a gaba idan an sake tashi.

To, yadda ake fitar da zakara, wanda shi ne tushen gardamar masoya gasar fiye da shekara ashirin. Har 2003 maki ake tarawa daga farkon kaka zuwa ƙarshe. A shekarar Matt Kenseth ya zama zakara da nasara ɗaya rak, alhali Ryan Newman ya ci takwas. A 2004 sai aka ware tsere goman ƙarshe aka sake jera makin na sama. A 2014 aka mai da shi sili-ɗaya-ƙwale: direbobi 16, wanda ya ci ko tsere ɗaya cikin 26 na farko kusan ya samu gurbi, bayan kowane tsere uku a zubar da huɗu, har a rage huɗu a tseren ƙarshe, wanda ya riga sauran ukun shi ne zakara ko da na nawa ya zo. Tsarin ya kawo bugun zuciya mai daɗin kallo, wannan ba musu. Amma ya kuma kawo abin da hankali ba ya ɗauka. Kevin Harvick ya ci tara a 2020 bai ko shiga huɗun ƙarshe ba. A 2024 an riga an fitar da Joey Logano a Charlotte, sai aka auna motar Alex Bowman aka tarar ba ta kai nauyi ba, aka soke sakamakonsa, Logano ya dawo. Mako na gaba ya ci Las Vegas da tsimin mai, sannan ya ci tseren ƙarshe a Phoenix ya ɗaga kofinsa na uku.

Ga abin da ya faru ranar 2 ga Nuwamban 2025 a Phoenix, fili mai mil ɗaya a jihar Arizona. Huɗun ƙarshe su ne Hamlin, Larson, William Byron da Chase Briscoe. Hamlin, mai nasara 60 a tarihinsa a lokacin amma bai taɓa zama zakara ba, ya ja gaba zagaye 208. Saura zagaye uku yana gaba ba mai barazana, sai tayar Byron ta sace ya daki bango, rawaya ta fito. Nan shugaban makanikan mai ja gaba yake shiga gaba kura baya siyaki, domin duk abin da ya zaɓa na bayansa za su yi akasinsa. Idan ya bar motar a fili da tsofaffin tayoyi, masu sababbi za su cinye shi. Idan ya shigo, wasu za su ƙi shigowa su gaje masa wuri. Tawagar Hamlin ta sa huɗu, ta Larson ta sa biyu, wasu motocin kuma ba su shigo ba sam. Larson ya tashi a gaban Hamlin da motoci a tsakaninsu, ga zagaye biyu kacal, waɗanda ba su isa sababbin tayoyi su biya kuɗinsu ba. Ryan Blaney, wanda ba ya cikin masu neman kofin, shi ya ci tseren. Larson ya zo na uku, Hamlin na shida. A ganina ba za a ce Larson bai cancanta ba, direba ne da ya ci goma a 2021 kuma ya tara maki sosai a 2025 ɗin ma. Laifin na tsarin ne da ya ɗora aikin wata tara a kan tayar wani.

Hukumar ma ta ji kukan. A Janairun 2026 ta sanar da komawa tsari mai kama da na 2004: bayan tsere 26, direbobi 16 da suka fi maki su ne za su shiga goman ƙarshe, ba zubarwa, kuma cin tsere ɗaya ba ya sayen gurbi. An ɗaga makin nasara daga 40 zuwa 55, na biyu yana nan a 35. Wanda ya gama 26 na farko a kan gaba zai fara da maki 2,100, na biyu da 2,075, har zuwa na 16 mai 2,000. Wanda ya fi maki bayan goman shi ne zakara. Ma'anarsa ga mai kallo ita ce, direban da motarsa ta lalace ya lallaɓa ya gama na 18 maimakon na 35 ya yi aikin da za a tuna a Nuwamba. Jimmie Johnson ya ƙware a irin wannan tsari, ya ci kofi biyar a jere daga 2006 zuwa 2010, kuma shi da Richard Petty da Earnhardt ne kaɗai suke da bakwai-bakwai.

Idan za ka gwada, zaɓi direba ɗaya, ba lallai na gaba ba, ka bi shi tsere uku a filaye iri uku. Riƙe lambobi biyu a ka: zagayen da ya sha mai na ƙarshe, da tsufan tayarsa idan aka kwatanta da na waɗanda ke kewaye da shi. A fili mai cin taya kamar Darlington, tsohuwar taya takan yi ƙasa da sabuwa da daƙiƙa biyu ko fiye a kowane zagaye, don haka wanda ya fara shiga gyara yakan tsallake na gabansa, amma shi ne zai fara kuka a ƙarshe. Shafin NASCAR na YouTube yana sa taƙaitattun bidiyo bayan kowane tsere, sai dai su haɗari da wucewa suke nunawa, lissafin ba ya fitowa sai a cikakken tsere, wanda yakan ɗauki awa uku ko fiye. Agogon gabashin Amurka yana bayan na Najeriya da Nijar da awa biyar daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, awa shida a sauran lokaci. Tseren ƙarfe uku na rana a can ƙarfe takwas na dare ne a Kano da Zinder, ƙarfe bakwai a Kumasi, na daren Asabar kuwa sai tsakar dare yake farawa. Ka kuma duba hasashen ruwa kafin ka zauna. A manyan filaye masu zagaye ba a gudu a jiƙaƙƙen titi, sai an jira motocin busarwa sun gama aikinsu, kuma idan ruwan ya tsaya kai da fata bayan an wuce rabin tsere ko an gama zango na biyu, wanda yake gaba a lokacin shi ya ci. Daytona 500 na 2024 ma sai ranar Litinin aka yi shi.